Hukuncin Sallah da Limancin Wanda Ɓarin Fuskarsa Ya Shanye

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na wayi gari bakina ya karkace, idona na hagu ba ya rufuwa, in na kurkure baki sai ruwan ya zubo ta gefe. Ni nake jan sallah a masallacinmu, ga shi yanzu ba'un da mimun ba sa fita daidai. Sallata ta inganta? In ci gaba da limanci? Wasu sun ce shafar aljanu ce, ruƙya kawai zan yi.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ka lafiya ɗan'uwa, ya sa kaffara ce.

Kafin maganar sallah, ka je asibiti yau ɗin nan. Jijiyoyi 12 ne ke fitowa daga ƙwaƙwalwa ta kowane gefe, ta bakwai ita ke motsa naman fuska, ta rufe ido, ta haɗa leɓɓa. Tana ratsawa ta wata matsattsiyar hanya cikin ƙashin kunne, to idan ta kumbura sai ƙashin ya matse ta, ɓarin fuskar ya saki. Galibi likitoci suna danganta kumburin da ƙwayar cutar bairos, kuma ya fi samun masu ciwon sukari da mata masu juna biyu. Ciwon kunne mai ruɓa, buguwa a kai, ciwon ƙari (tsiro a cikin jiki) da kuturta su ma suna kawo shi. Maganin rage kumburin ya fi amfani idan an fara shi cikin awa 72, kuma mafi yawan masu wannan ciwo suna warkewa cikin makonni ko 'yan watanni. Amma in har hannu ko ƙafa sun yi nauyi, ko kalmomi suka rikice maka, ana tsoron shanyewar ɓarin jiki ce, wannan ko awa guda ba a jira.

Ruƙya halas ce, ka yi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a zaunar da kai a gida da sunan aljanu har lokacin magani ya wuce. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Abdullahi ɗan Umar ya yi lalas, wato ƙuna da ƙarfe mai zafi, saboda irin wannan ciwo na karkacewar baki. Sahabi ne, ya nemi maganin zamaninsa.

Sallarka ingantacciya ce. Allah ya ce ku ji tsoronsa gwargwadon iyawarku (Tagabun, aya ta 16). Ba'un da mimun sai leɓɓa sun haɗu suke fita, shi ya sa za ka fi jin wahalar a "Rabbil alamin" da "Maliki yaumiddin". Ka karanta a hankali iya ƙoƙarinka, kada ka yi ta maimaita aya har waswasi ya shige ka. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa mai karanta Alƙur'ani yana shan wahala lada biyu gare shi.

Limanci kuwa, malaman Malikiyya sun halatta bin wanda harshensa ba ya fitar da wasu haruffa saboda lalura, haka yake a Muhtasar Halil. Wasu malaman, kamar Shafi'iyya, sun tsaurara idan harafi ya koma wani harafin a Fatiha. Don haka idan haruffan suna fita ko da da rauni, ci gaba da limancinka. Idan sun ɓace har ma'ana tana canzawa, kuma akwai mai karatu a bayanka, na fi so ka gabatar da shi har ka samu sauƙi, don fita daga saɓani.

Kurkurar baki sunna ce, zubowar ruwan ba ta taɓa alwala. Yawu mai tsarki ne, ka share shi a cikin sallah ba komai.

Idon nan ka kula da shi sosai, domin idon da ba ya rufuwa bushewa yake, yana iya yin gyambo. Wanke fuska bai haɗa da cikin ido ba, don haka kada ka zuba masa ruwa. Ka riƙa ɗiga maganin da aka ba ka, ka rufe shi da dare yadda likita ya nuna maka. Idan an lulluɓe shi da bandeji kuma cirewa za ta cutar, ka yi shafa a kai, ka wanke sauran fuskar.

Wallahu a'alam.