Kafin ka ƙirga farantan sola, ka san wanda zai kwana da batir

Ka tambaye ni, wai idan aka ba ka aikin sa sola a asibitin garin da mutane suka fara komawa bayan rikici, turakun wuta duk sun zube, an kwashe wayoyin, farantai nawa za ka sa. Yaro, wannan ai tambayar mai shago ce. Ku 'yan yanzu da kun kalli bidiyo a waya shi ke nan kun zama injiniyoyi, burinku a jera farantai a kan rufi a ɗauki hoto. Faranti shi ne mafi ƙarancin rigima a aikin nan. Kuɗinsa ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, kuma mai kyau yana kai shekara 25 yana ba da wuta. Yadda ake fuskantar da shi da yadda ake haɗa waya ba zan ɓata bakina a kai ba, wanda bai san wannan ba ya koma ɗaukar tsani.

Batir shi ne aikin. Ka duba Yaman: da yaƙin 2015 ya tsayar da tashar wutar Marib, mutanen Sana'a sola suka koma. A Labanan, cikin Oktoban 2021, wutar gwamnati ta ɗauke gaba ɗaya saboda manyan tashoshi biyu ba mai, sai kowa ya ruga kasuwar sola. Duk inda aka yi irin wannan rububin, farantai suna nan daram a kan rufi, batura ne ke mutuwa, kuma a nan macuta ke cin kasuwarsu.

Bari ka ji abin da wani ɗan kwangila ya yi mini, don har yau in na tuna sai abinci ya fita raina. Wata ƙungiyar agaji ce ta gyara wani ƙaramin asibiti a garin da yaƙi ya ci, ta ba shi kwangilar wuta, shi kuma ya nemo ni. Na lissafa lodi da kaina: fitilun ɗakin haihuwa, fankoki, da firjin allurar rigakafi, wanda dole sanyinsa ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8. Na sa batura sababbi fil, daga kwali na fitar da su da hannuna, na rubuta lambar kowane ɗaya a littafina. Na gina musu wuri mai shan iska, don batirin dalma in zafi ya haura digiri 25 da kamar digiri goma, rabin kwanansa ya tafi. Aka zo buɗe aiki, aka yanka kyalle, aka tafa. Ya ce ragowar kuɗina, wato rabi, sai ƙungiya ta sake masa nasa. Na ce ba komai.

Ba a jima ba aka kira ni, wai wuta tana ɗaukewa kafin tsakar dare, allurai sun lalace, an karɓi haihuwa da hasken waya. Ɗan kwangilar har da ɗaga mini murya, wai na yi aikin banza na zubar masa da mutunci. Ina shiga ɗakin batir na san ba 'ya'yana ba ne. Cikinsu ya kumbura. Kan tasha, wato inda ake ɗaura waya, duk sawun sifana, ga farin gari ya taru a gindin kusoshi. Na sa farce na ɓanɓare takardar da ke jikin ɗaya, sai ga tsohuwar takarda a ƙasa, an kankare ranar ƙira. An wanke su an goge da mai suna ƙyalli. Mai gadi ne ya ja ni gefe ya ce bayan baƙi sun tafi da kwana kaɗan, mota ta zo da dare, aka ce za a kai batura gwaji. Nawa suna gidan ɗan kwangilar suna juya masa na'urar sanyaya ɗaki. Na fito da littafi na nuna lambobi. Wa zai duba? Ƙungiya ta rufe lissafinta ta tattara ta koma wata ƙasar, hukumar garin kuwa ko kujerun zama ba ta gama mayarwa ba, balle kotu. Rabin kuɗina ya bi ruwa, kuma a yankin nan aka riƙa cewa ni ne mai solar da ba ta kwana. Kuɗin na iya haƙura, sunan ne ya fi ci mini rai. Allah ya isa.

To, ga amsarka. Inda doka ba ta gama dawowa ba, takarda kake fara haɗawa kafin waya. Lambar kowane batir da ta inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, ta shiga takardar miƙa aiki, shugaban asibiti ya sa hannu, wakilin masu ba da kuɗi ya sa, kowa ya riƙe tasa. Batura a cikin keji na ƙarfe, makulli a hannun wanda zai kwana da su, ba ɗan kwangila ba. Kuɗinka kuma kada ka bar fiye da abin da za ka iya yafewa.

Sannan ka rubuta lodin da ka yarda da shi, don mutane da sun ga wuta sai su manta da duhun jiya. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 wat 2,400 na awa guda yake ɗauka, kuma in na dalma ne rabi kawai ake ci, 1,200 ke nan. Wani ya jona dutsen guga mai wat 1,000, cikin awa ɗaya da 'yan mintoci ya cinye abin da ka tanadar wa ɗakin haihuwa. Ka raba layi, na haihuwa daban da fiyus nasa. In kuɗi ya kai, ka sa batirin litiyom, ana cin kashi 80 nasa kuma yana jure caji sau dubbai. Firjin allura kuwa ka nemi irin wanda ke aiki kai tsaye daga faranti ba batir, yana daskarar da ƙanƙara a jikinsa da rana ta riƙe sanyi har dare. Da shi aka saya a asibitin nan da alluran ba su lalace ba.

Kuma kada ka bar garin sai ka koya wa mutum biyu wanke ƙura daga farantai da karanta abin da inbata ke nunawa, don hanyar irin waɗannan garuruwa ba kullum take biyuwa ba. Adadin farantai daga lodi yake fitowa, ka zauna ka lissafa da kanka ka kawo mini in gani. In za ka zo, ka zo da mitarka, na gaji da ba ka aron tawa.