Motar Ta Tsallake Gwaji, Amma Tsatsa Ta Cinye Bututun Birki: Wa Ke da Alhaki?

Tambaya: Barista, ina zaune a Jamus tare da iyalina. Wata huɗu da suka wuce na sayi tsohuwar mota mai ɗakin kwana, irin wadda ake tafiya hutu da ita, a hannun wani dillalin motoci kan Yuro 21,000. Shekarunta goma sha biyu, kuma a takardar ciniki an rubuta "HU neu", wato an yi mata sabon gwajin lafiyar mota. Da na kai ta gareji domin canjin mai, bakanike ya ɗaga ta ya nuna mini cewa tsatsa ta cinye bututun man birki, tayoyin sun kusa shekara goma, sannan katakon daɓen ɗakin ya ruɓe a kusurwar baya saboda yoyo. Na koma wurin dillalin, ya ce tunda motar ta tsallake gwaji ba ruwansa, in je in nemi waɗanda suka gwada ta. Shin zan iya kai ƙarar masu gwajin, ko kuwa akwai hanyar da zan mayar da motar a ba ni kuɗina?

Amsa: Malam, na jajanta maka, domin ba ƙaramin abu ba ne mutum ya gano cewa ya yi wata huɗu yana ɗaukar iyalinsa a motar da birkinta zai iya yankewa a kan gangara. Kafin komai, ka ajiye motar nan, kada ka sake tuƙa ta kuma kada ka ba kowa aro. Dokar hanya ta Jamus ta hana mai mota barin ta hau titi bayan ya san ba ta da lafiya, kuma idan hatsari ya auku bayan bakanike ya nuna maka aibin da idonka, zai yi maka wuya ka kare kanka a gaban kotu ko kamfanin inshora.

Maganar dillalin ba ta da tushe a doka, amma domin ka ga dalili, sai ka fahimci abin da tambarin gwajin nan mai zagaye da ke kan lambar motar ta baya yake tabbatarwa. Sashe na 29 na dokar rajistar ababen hawa, wadda ake kira StVZO, shi ne ya wajabta gwajin, kuma hukumomi irin su TÜV da DEKRA da GTÜ da KÜS ne ke gudanar da shi. Mota mai ɗaki da nauyinta bai wuce tan 3.5 ba ana fara gwada ta bayan wata 36 da rajistar farko, daga nan sai duk wata 24. Wadda ke tsakanin tan 3.5 da 7.5 ana gwada ta duk shekara biyu har ta cika shekara shida, sannan ta koma duk shekara. Mai gwajin yana duba birki da fitilu da sitiyari da tayoyi da ƙarafan ƙarƙashi da hayaƙi, yana yin haka ne da ido da na'urori ba tare da ya kwance motar ba. Idan ya ga ƙananan aibobi zai rubuta su ya kuma ba da tambari, idan ya ga manya zai hana tambarin ya ba da wata ɗaya a gyara a dawo. Abin da yake shaida shi ne halin da motar ke ciki a ranar gwajin ta fuskar lafiyar hanya, ba ya shaidar cewa ta cancanci kuɗin da aka sa mata.

Irin waɗannan motoci suna yaudarar mai saye fiye da ƙananan motoci, kuma na sha ganin haka a takardun da ake kawo mini. Kilomitarsu kan yi kaɗan domin sukan kwashe rabin shekara a ajiye, sai mai saye ya ɗauka ba su ji jiki ba, alhali zaman ne ke cin su. Tsatsa na kama faifan birki da bututu, roba na tsagewa, taya na bushewa ko da zanenta bai goge ba. Doka ta tanadi cewa zurfin zanen taya kada ya gaza milimita 1.6, saboda haka tsohuwar taya mai zane tana iya tsallake gwaji muddin ba a ga tsaga a jikinta ba, ko da lambobi huɗun da ke gefenta, masu nuna mako da shekarar da aka yi ta, suna cewa ta tsufa. Shi kuwa danshin cikin bango da daɓe ba ya cikin abin da ake aunawa a gwajin, sai dai idan ruɓewar ta kai ga taɓa ƙarfin jikin motar. Kayan iskar gas na girki da ɗumama ɗaki ma gwajinsu daban ne, ana kiransa G 607, kuma tun daga 19 ga Yunin 2025 ya zama wajibi duk shekara biyu a ƙarƙashin sashe na 60 na wannan doka. Ka duba ko an ba ka takardarsa.

Game da kai ƙarar masu gwajin, ba na ba ka shawarar ka ɓata kuɗinka a nan. A tsarin Jamus mai gwajin aikin hukuma yake yi, don haka idan ya yi sakaci gwamnatin jiha ce ake nema, ba shi ba. Kotuna kuma sun daɗe a kan cewa manufar gwajin ita ce kare masu amfani da hanya, ba kare aljihun wanda zai sayi motar daga baya ba, sai fa inda aka tabbatar da cewa an ci amanar aiki da gangan, kuma wannan hujja ce mai wuyar samu. Kana iya shigar da koke wurin hukumar da ke sa ido a kan masu gwaji, yin hakan ma daidai ne domin kare wasu, amma ba zai dawo maka da Yuro ko ɗaya ba.

Haƙƙinka yana wuyan wanda ya karɓi kuɗinka, kuma kalmomi biyun nan da ya rubuta, wato "HU neu", su ne babbar hujjarka. A ranar 15 ga Afrilun 2015 Kotun Tarayya da ke Karlsruhe ta yanke hukunci a shari'a mai lamba VIII ZR 80/14, wadda ta yi kama da taka ƙwarai. Wata mata ta sayi mota ƙirar Opel Zafira mai shekara 13 kan Yuro 5,000, an rubuta mata "HU neu", washegari injin ya riƙa mutuwa a hanya, da aka duba sai aka tarar tsatsa ta yi wa bututun birki mummunar illa. Kotun ta ce wanda ya rubuta wannan kalma ya yi alkawarin cewa motar tana cikin halin da ya cancanci tambarin da gaske, ba wai kawai an manna shi ba. Ta ƙara da cewa a irin wannan hali matar tana da damar warware cinikin nan take ba tare da ta ba dillalin zarafin gyara ba, domin amincin da ke tsakaninsu ya riga ya rushe. Tambarin da dillalinka ke fakewa da shi, a idon doka alkawari ne da ya ɗauka bai cika ba.

Bayan wannan, tunda kai ba ɗan kasuwa ba ne kuma daga ɗan kasuwa ka saya, kundin dokokin farar hula, wato BGB, ya ba ka kariya ta musamman. Sashe na 476 ya hana dillali cire wa kansa alhakin aibi, saboda haka ko da an rubuta cewa ka saya kamar yadda ka gani, rubutun ba zai yi aiki a kanka ba. Wa'adin neman haƙƙi shekara biyu ne daga ranar da aka miƙa maka motar. Ana iya rage shi zuwa shekara ɗaya a tsohon kaya, amma tun daga 1 ga Janairun 2022 ragin ba ya tabbata sai an sanar da kai shi takamaimai kafin ciniki kuma kun amince da shi a keɓe, ba a cusa shi cikin ƙananan rubutun bayan takarda ba. Sashe na 477 kuma ya ce duk aibin da ya bayyana cikin shekarar farko ana ɗaukar cewa yana nan tun ranar miƙawa, sai dillali ya kawo hujjar akasin haka. Tsatsar da ta huda ƙarfe ba ta samuwa cikin wata huɗu, kuma kowane ƙwararre zai faɗi haka. Abu ɗaya da nake so ka tabbatar a daren nan shi ne sunan da ke gurbin mai sayarwa a takardar. Wasu dillalai kan rubuta cewa suna sayarwa ne a madadin wani mutum, kuma idan haka ne kariyar nan tana iya raunana.

Aibobin nan uku ba ƙarfinsu ɗaya ba, kuma gara ka ji haka daga bakina kafin ka ji daga lauyan dillalin. Bututun birki shi ne mafi ƙarfi, domin ya shafi rai kuma ya ci karo da abin da aka rubuta. Ruɓewar daɓe ma aibi ce, domin ɗakin da ke yoyo bai dace da amfanin da aka saye shi dominsa ba, sai dai za a yi gardama a kan ko irin wannan abu ne da ake tsammani a mota mai shekara goma sha biyu. Tayoyin su ne mafi rauni, domin doka ba ta ɗaukar tsufan da ya dace da shekarun mota a matsayin aibi, kuma shekarar tana rubuce a jikinsu ga duk mai dubawa.

Kuskuren da ya fi kashe irin wannan ƙara shi ne gaggawar gyara. Kotun Tarayya ta yanke tun a 2005 cewa mai sayen da ya gyara aibi da kansa ba tare da ya ba mai sayarwa dama ba, ba zai dawo ya nemi kuɗin gyaran ba. Gyaran kuma yana share hujjar, domin da zarar an cire ruɓaɓɓen bututun an jefar, magana ta koma ka ce na ce. Ka bar motar yadda take. Ka sa bakanike ya ɗauki hotuna ya rubuta abin da ya gani da kwanan wata da adadin kilomita. Ka nemo rahoton gwajin da aka yi kafin ciniki ka karanta ko an ambaci tsatsa a cikinsa, ka kuma adana tallan motar da duk saƙonnin da kuka yi. Idan da hali, ka ɗauki ƙwararre mai zaman kansa ya auna danshin bango da na'ura ya ƙiyasta kuɗin gyara. Idan ka ga alamar dillalin zai musanta komai, sashe na 485 na dokar shari'ar farar hula ya ba ka damar roƙon kotu ta naɗa nata ƙwararren ya tabbatar da halin motar tun kafin a shigar da ƙara, kuma wannan mataki yana dakatar da gudun wa'adi.

Daga nan sai wasiƙa. Ka rubuta wa dillalin ta hanyar da za ka iya tabbatar da isarta, ka lissafa aibobin ɗaya bayan ɗaya, ka nemi ya gyara cikin mako biyu da kuɗinsa, har da kuɗin jan motar zuwa wurinsa, kamar yadda sashe na 439 na BGB ya tanada. Na san hukuncin 2015 ya nuna ana iya tsallake wannan mataki, amma kotu tana duba kowace shari'a da yanayinta, kuma matar can washegari ta gano aibin, kai kuwa bayan wata huɗu. Mako biyu ba zai rage ka da komai ba, zai kuma toshe masa ƙofar cewa ba a ba shi dama ba. Idan ya maimaita a rubuce cewa ba ruwansa, wannan ƙin amincewar kaɗai ya isa ya buɗe maka hanya.

Idan wa'adin ya wuce, zaɓi biyu ne a gabanka. Kana iya riƙe motar ka nemi ragin farashi gwargwadon faɗuwar darajarta, ko ka warware cinikin ka mayar da ita. Warwarewa ba ta yiwuwa a kan aibi maras muhimmanci, kuma ma'aunin da Kotun Tarayya ta kafa a 2014 shi ne cewa aibin da kuɗin gyaransa ya haura kashi 5 cikin ɗari na farashi ba a ɗaukarsa ƙarami a galibi. A cinikinka wannan ya kama Yuro 1,050, kuma gyaran daɓe kaɗai zai iya wuce haka. Ka sani cewa za a cire wani abu daga kuɗin saboda amfanin da ka yi da motar, yawanci bisa kilomitar da ka yi, ko da yake a motoci masu ɗaki wasu kotuna kan duba tsawon lokacin da ta zauna a hannunka. Kana kuma iya haɗawa da neman diyyar abin da ka kashe, kamar kuɗin rajista da na ƙwararre. A ganina, idan ƙwararren ya tabbatar da cewa ruwa ya shiga cikin bango, warwarewa ta fi maka alheri, domin ba a sanin iyakar ɓarnar danshi sai an buɗe, kuma ragin da za ka karɓa yau ba lallai ya ishi abin da za a tarar ba.

Akwai kuma hanyar soke ciniki saboda yaudara a sashe na 123 na BGB, cikin shekara ɗaya daga ranar da ka gano ta, amma a nan kai ne za ka tabbatar da cewa dillalin ya san aibin ko ya yi zarginsa ya yi shiru, don haka kada ka ɗora ƙararka a kanta ita kaɗai. Ka kuma guji kiransa mayaudari a intanet, kada a juyo da ƙara kanka.

Ƙarar Yuro 21,000 babbar kotun yanki ce ke saurarenta, inda dole sai da lauya, kuma wanda ya faɗi shi ke biyan kuɗin kotu da na lauyoyin ɓangarorin biyu. Ka duba ko kana da inshorar shari'a da ta shafi mota, ka kuma tambaya ko dillalin yana cikin ƙungiyar masu sana'ar motoci, domin suna da kwamitocin sulhu da ba sa karɓar kuɗi daga mai saye. Zaman farko na shawara da lauya bai wuce Yuro 190 ban da haraji ga wanda ba ɗan kasuwa ba, sai ka tafi masa da takardar ciniki da rahoton gwaji da hotunan bakanike, ya duba wasiƙar kafin ka aika.