Yadda za ki shawo kan magen da ke gudun mutane

Malama, magen da kika ce tana leƙowa bayan shagonki a Agege amma ta tsere in kin matso, abinci ne zai jawo ta. Ki riƙa ajiye ruwa da dafaffen kifi marar ƙaya a wuri ɗaya, bayan isha'i in hayaniya ta lafa. Ki ja baya taku biyar ki zauna, kada ki zura mata ido, barazana ce a wajenta. Duk kwana biyu ki rage taku ɗaya, ki bari ita ta fara shinshinar hannunki.

Ban da madara, tana sa maguna gudawa. Albasa da tafarnuwa kuwa suna lalata musu jini. In ta cije ki, ki wanke wurin da sabulu minti 15, ki tafi asibiti saboda ciwon haukan kare.