Ku Tambaya Mu Amsa: Inshorar Tafiya da Kuɗin Asibiti a Ƙasar Waje

Zan kai wa 'yata ziyara a Jamus na mako uku. Ejan ɗin da ke nema mini biza ya ce inshora takarda ce kawai da ake cike fayil da ita, in ba shi ɗan abin da ya sawwaƙa ya buga mini. In yarda? Daga wata mai karatu a Zariya.

Hajiya, kada ki yarda. Jamus na cikin ƙasashe 29 na yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, kuma dokar bizarsu ta fayyace irin inshorar da suke karɓa. Dole ta iya ɗaukar nauyin aƙalla Yuro 30,000, ta yi aiki a duk ƙasashen yankin ba Jamus kaɗai ba, ta kuma haɗe dukan kwanakin zamanki tun daga ranar sauka har ranar tashi. Abin da za ta biya shi ne maganin gaggawa, kwanciya a asibiti, mayar da marar lafiya gida idan likita ya ce a yi haka, da ɗawainiyar gawa idan ta Allah ta kasance.

Takardar da ejan zai buga miki a shagonsa tana da haɗari biyu. Na farko, ofishin jakadanci kan tuntuɓi kamfanin da sunansa ke jikin takardar. Idan suka tarar babu lambarki a wurinsu, za a hana ki biza bisa laifin gabatar da takardar jabu, kuma bayanin yana zama a rumbun da duk ƙasashen Shengen ke dubawa har shekara 5. Ejan ba ya asarar komai, sunanki ne a fayil. Na biyu ya fi muni: a ce takardar ta wuce, kin isa, sai tsautsayi ya sa kika zame a banɗaki ƙashin ƙugu ya karye. Asibiti za su yi miki aiki, amma idan suka kira lambar da ke takardar babu mai ɗauka, lissafin ya dawo kanki, ko kan 'yarki in ita ce ta sa hannu a takardar ɗaukar nauyinki.

Ki saya kai tsaye daga kamfanin da ke da lasisin NAICOM, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin inshora a Najeriya, ki fara duba shafin ofishin jakadancin, domin wasunsu kan fitar da jerin kamfanonin da suka amince da su. In an ba ki takardar, ki zauna ki duba ta layi-layi: sunanki kamar yadda yake a fasfo harafi da harafi, lambar fasfo, ranar farawa da ranar ƙarewa, yankin da aka rubuta, adadin kuɗin, da lambar wayar agaji mai aiki dare da rana. Ki ƙara kwana biyu ko uku a kan ranar dawowa, saboda jirgi kan ɗage tashi. Sannan in kuna da niyyar leƙawa Landan ko Dablin, ki sani Ingila da Ayilan ba sa cikin Shengen. Inshorar da aka rubuta wa Shengen kaɗai ba za ta bi ki can ba.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, ina da katin inshorar lafiya na NHIA, ana cire mini kuɗi duk wata. Zan je Landan hutu. Katin zai yi mini aiki? Na kuma ji asibiti kyauta ne a can. Daga wani mai karatu a Kaduna.

Malam, katin nan iyakarsa Najeriya. Tsarin NHIA, wanda dokar 2022 ta kafa a madadin tsohuwar NHIS, da asibitocin cikin gida yake hulɗa, haka ma tsare-tsaren jihohi irin na KSCHMA a Kano.

Zancen kyauta kuwa rabin gaskiya ne, kuma wannan rabin ne ke jefa mutane cikin bashi. A Ingila, duk wanda aka kai sashen gaggawa za a duba shi ba tare da an karɓi ko sisi ba. Amma da zarar an ba ka gado, ko an ce ka dawo ganin ƙwararren likita, ka zama baƙo mai biya, kuma ana caja baƙo kashi 150 cikin 100 na ainihin farashin aikin. Idan bashin ya kai fam 500 ya kuma yi wata biyu ba a biya ba, asibiti na miƙa sunanka ga ma'aikatar cikin gida, abin da kan sa a hana mutum biza a gaba. Bizar ziyara ta Birtaniya ba ta tilasta inshora, shi ya sa da yawa ke tafiya hannu rabbana. Ka saya duk da haka. Mai zuwa Amurka ma ya fi ka buƙata: doka ta hana sashen gaggawa korar marar lafiya, amma ba ta yafe kuɗin ba, har motar asibitin da ta ɗauko shi sai an kawo masa lissafinta.

Mahaifinmu yana da shekara 68, yana fama da hawan jini da ciwon suga. A fom ɗin inshora an tambayi ko yana da wata cuta. Wani ya ce mu rubuta babu, don kada kuɗin ya ƙaru. Mece ce shawararku? Daga wani mai karatu a Katsina.

Ku rubuta gaskiya, ko da kuɗin zai ninka. Dalilin shi ne yadda ake tantance biya. Ranar da aka kwantar da Baba, likitan da ya karɓe shi zai tambayi magungunan da yake sha, kuma dole ku faɗa, don ransa ne a kai. Ko ba ku faɗa ba, gwajin jini guda yana nuna yadda sugansa ya kasance a watanni biyu zuwa uku da suka wuce. Wannan rahoton ne kamfanin inshora zai karanta. Da sun ga cutar ta riga takardar, kuma fom ya ce babu, suna da hurumin ƙin biyan komai. Kun biya kuɗin inshora, kun kuma biya asibiti.

Bayyanawar ma ba ita ce ƙarshe ba. Yawancin inshora mai araha ta cire tsofaffin cututtuka gaba ɗaya, wasu kuma suna biyan taimakon ceton rai kaɗai har zuwa wani ɗan adadi. Abin da ya fi wahalar da iyalai shi ne cutar da ta samo asali daga tsohuwar: shanyewar ɓarin jiki ga mai hawan jini, ko ciwon ƙoda ga mai suga, kamfani zai ce duk reshen abu ɗaya ne. Don haka ku yi musu tambaya ɗaya a rubuce, ta imel: idan hawan jininsa ya jawo aka kwantar da shi, za ku biya, kuma har nawa? Ku adana amsar. Ku duba iyakar shekaru ma, domin kamfanoni da yawa kan ƙara farashi ko rage abin da suke biya daga shekara 65 ko 70. Masu sikila da masu juna biyu duk wannan shawarar ta shafe su. Haihuwa ta lafiya lau kusan babu inshorar tafiya da ke biyanta.

Game da magani: ya tafi da wanda zai ishe shi har da ƙarin na mako guda, a cikin kwalinsa na asali, tare da wasiƙar likita mai ɗauke da sunan sinadarin maganin, ba sunan kasuwa kaɗai ba. A jakar hannu za a sa, musamman allurar insulin, wadda sanyin ɗakin kaya na jirgi kan lalata. In akwai tiramadol ko kodin a cikin magungunansa, ku bincika dokar ƙasar tun kafin ku sayi tikiti, don Masar da Daular Larabawa da Saudiyya ba sa wasa da su.

Za mu je Umara ni da maiɗakina. Shin sai mun sayi inshora? Kuma ina da shakku a kan halaccinta. Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Alhaji, Allah Ya sa karɓaɓɓiya ce. Kuɗin bizar Umara ya riga ya ƙunshi inshorar da Saudiyya ta wajabta wa masu zuwa daga waje, wadda ke ɗaukar nauyin larurar gaggawa a cikin ƙasar. Sai dai a bakin iyakar Saudiyya take tsayawa. In za ku yada zango a Alƙahira ko Dubai ko Istanbul, waɗannan kwanakin ba sa ciki. Ka nemi ejan ya ba ka bayanin inshorar a rubuce kafin tashi, ka kuma ajiye lambar motar asibiti ta can, 997.

Kada ku manta da rigakafi. Allurar sanƙarau mai kare nau'i huɗu dole a yi ta aƙalla kwana 10 kafin isa. Ta cutar shawara ita ma sai bayan kwana 10 katinta ke fara aiki, amma tun 2016 sau ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa.

Batun halacci, malamai sun yi magana. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta ce inshorar kasuwanci da aka saba ba ta halatta ba saboda gararin da ke cikinta, wato rashin tabbas a kan abin da kowane ɓangare zai samu, ta kuma halatta ta taimakekeniya, wato takaful, inda mahalarta ke zuba gudummawa a asusu ɗaya a taimaki wanda abu ya sama. A Najeriya akwai kamfanonin takaful masu lasisi, irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful. Inda kuma hukuma ta wajabta inshora babu zaɓi, malamai da dama sun sanya shi a babin larura. Ka tuntuɓi malamin da ka natsu da shi.

Zan kai mahaifiyata Indiya a yi mata aikin gwiwa. In na sayi inshorar tafiya za ta rage mana kuɗin aikin? Daga wata mai karatu a Gwambe.

A'a, 'yar'uwa. Inshorar tafiya ta abin da ya auku ba zato ce. Wanda ya tashi domin neman magani an cire shi, shi da duk matsalar da aikin ya haifar. Ki nemi asibitin ya ba ki ƙiyasi a rubuce, ki tambayi kuɗin kwana ɗaya a ɗakin kulawa ta musamman, ki tanadi rarar kuɗi, ki kuma sayi tikitin da ake iya sauya wa rana. Ke mai rakiya kuwa, inshorar za ta yi miki amfani. Allah Ya ba Mama lafiya.

Ɗana ya yi zazzaɓi a Turkiyya, na biya asibiti da kuɗina. Da na dawo kamfanin ya ƙi mayar mini, wai ban sanar da su ba. Ina kuskuren yake? Daga wani mai karatu a Sakkwato.

Kusan kowace takarda tana da sharaɗin a kira lambar agaji kafin a fara magani, ko cikin ɗan lokacin da aka ƙayyade idan gaggawa ce, galibi awa 24 zuwa 48. Ba don wahalarwa aka sa shi ba. Kiran ne ke sa su buɗe fayil, su ba ka lamba, su nuna maka asibitin da suke hulɗa da shi, su aika masa takardar alƙawarin biya, ta yadda ba sai ka taɓa aljihunka ba. In rai na cikin haɗari, a fara kiran motar asibiti (112 a Turai da Turkiyya), sannan wani ya kira kamfanin daga bakin ƙofar ɗakin.

Yanzu ka haɗa rahoton likita mai nuna sunan cutar, lissafin asibiti dalla-dalla, rasit mai hatimi, takardar magani, shaidar cirar kuɗi daga banki, tikitin shiga jirgi da shafin fasfo mai hatimin shiga. Ka rubuta musu ka nemi su nuna sakin layin da suka dogara da shi, ka bayyana abin da ya hana ka kira. Idan ba ka gamsu ba, NAICOM na da sashen karɓar koke. Ka lura kuma da kason da ke kanka: in takarda ta ce dala 100 na farko naka ne, kuma asibiti ya ci dala 130, dala 30 za a ba ka.

Jakata ta ɓata a hanyar dawowa. Kamfanin jirgi zan bi ko na inshora? Daga wata mai karatu a Kumasi.

Kamfanin jirgi tukuna, Hajiya. Ƙa'ida ita ce kafin a bar zauren ɗaukar kaya a je teburinsu a cike fom ɗin PIR na rahoton ɓatan kaya ko lalacewarsu, a riƙe ɗan tikitin jaka da aka manna a bayan katin shiga jirgi. A ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1999 kan sufurin jiragen sama tsakanin ƙasashe, jakar da ta lalace ana kai kukanta a rubuce cikin kwana 7, wadda ta makara cikin kwana 21 daga ranar da aka miƙa wa mai ita, wadda kuma ta yi kwana 21 ba ta zo ba ana ɗaukarta ɓatacciya. Inshora na zuwa ne daga baya, ta cike abin da jirgi bai biya ba, kuma za ta nemi fom ɗin nan da rasitan kayan. Gwal, tsabar kuɗi da waya da aka sa a jakar awo ba a biyansu, haka ma hajar da aka saro domin sayarwa. In ba ki cike fom ɗin a ranar ba, ki je ofishin kamfanin jirgin da ke filin jirgin da kika sauka gobe da safe, da tikitin jakar a hannunki.