Tambaya da Amsa: Ƙungiyarmu Ƙarama Ce, Ta Ina Za Mu Samu Tallafi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ni ce shugabar wata ƙungiyar mata a wata unguwa ta Potiskum, Jihar Yobe. Mun fara ne shekara 6 da suka wuce, mu 12, muna haɗa naira 500 kowace mace duk Juma'a domin mu saya wa marayun unguwarmu littafi da magani, mu kuma ba iyayensu mata ɗan jarin ƙosai ko na ƙuli-ƙuli. Yanzu yaran da ke hannunmu sun haura 50, ga tsadar rayuwa. Sau uku wata babbar ƙungiya tana kiran mu taron bita a otal, a ba mu abinci da kuɗin mota da takardar shaida, amma ko sisi ba a taɓa ba mu na aiki ba, sai a ce ba mu da ƙwarewa. Kwanan nan wani mutum ya ce mu ba shi naira 150,000 ya rubuta mana takardar neman tallafi, wai ya san mutanen ciki. Mu ba shi? Kuma wace ƙwarewa ce ake cewa ba mu da ita?

Wata mai karatu daga Potiskum

AMSA

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya saka muku da alheri, ya sa ku tarar da ladan wannan aiki a mizani.

Kada ku ba mutumin nan kuɗin. Babu wata gidauniya ta gaskiya da ke sayar da tallafinta, kuma wanda ya ce zai tabbatar muku da samu saboda ya san mutanen ciki, ko dai ƙarya yake yi, ko kuwa yana shirin jefa ku cikin cin hanci da zai ɓata sunan da kuka yi shekara 6 kuna ginawa. Ba laifi ba ne a biya mai ilimi ladan rubutu, amma a kan aikin da aka gani da ido, ba a kan alkawarin abin da ba ya hannunsa ba.

Kalmar ƙwarewa a bakin masu ba da tallafi ba tana nufin sanin aikin marayu ba, domin a nan kun fi yawancin masu koyar da ku a otal: kun san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, kun san yarinyar da aka cire daga makaranta aka ɗora wa talla. Abin da suke nufi shi ne ko za ku iya nuna wa wanda bai san ku ba, a rubuce, inda kowace naira ta fito da inda ta shiga. Amanar da ke tsakaninku ta sanayya ce, shi kuwa ma'aikacin da ke zaune a Abuja takarda kawai zai iya kai wa na gaba da shi.

Matakin farko shi ne rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, a matsayin ƙungiya mai amintattu, ƙarƙashin Sashe na F na dokar kamfanoni ta 2020. Za a nemi kundin tsarin mulkin ƙungiya, da bayanin taron da aka zaɓi amintattun, sannan a buga sanarwa a jaridu biyu a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Kafin ku kai ga wannan, ku yi rajista da ƙaramar hukumarku da ma'aikatar harkokin mata ta jiha, domin ya fi sauƙi kuma yana buɗe wasu ƙofofin. Bayan takardar CAC sai lambar biyan haraji da asusun banki da sunan ƙungiya, kuma bankuna da yawa kan nemi takardar shaidar SCUML, sashen EFCC mai sa ido kan halatta kuɗin haram. Idan har za ku iya tara naira 150,000, a wannan hanya ya kamata ta tafi.

Zan daɗe a kan batun asusun banki, domin na ga abin da rashinsa ya jawo. Na san wata ƙungiyar taimakon marasa lafiya da ta yi shekaru tana ajiye kuɗinta a asusun shugabanta, dattijo mai gaskiya wanda ba a taɓa tuhumarsa da ko ƙwandala ba. Allah ya yi masa rasuwa ba zato. Da aka zo rabon gado, magada suka ga kuɗi a asusun mahaifinsu, babu wata takarda da ta raba nasa da na jama'a, mambobi kuma suka ji nauyin tayar da magana a gidan makoki. Babu wanda ya yi niyyar cin haƙƙin wani, amma kuɗin marasa lafiya ya shiga gado, ƙungiyar kuwa ba ta sake tashi ba. Saboda haka ku sa mutum biyu ko uku su riƙa sa hannu kafin a cire kuɗi, kuma kada su kasance 'yan gida ɗaya.

Sai littafin kuɗi. Ba sai kun sayi kwamfuta ba. Littafi mai bango mai kauri ya isa, a ja masa layuka: kwanan wata, abin da ya shigo, abin da ya fita, dalili, da sa hannun wanda ya karɓa. Rasidin kantin magani a maƙala shi a shafin ranar da aka saya. Idan mai ƙosai ba ta iya rubutu ba, ta dangwala yatsa a gaban shaida. A ƙarshen kowane wata ma'aji ta karanta jimilla a gaban mambobi, wata mamba da ba ta riƙe kuɗi ta ƙirga abin da ya rage. Littafin shekara biyu irin wannan ya fi takardun shaidar taron bita goma daraja a idon mai bincike, kuma yana kare ma'ajin kanta daga zargi, abin da ya fi rashin kuɗi wargaza ƙungiyoyin mata.

Amma kada ku ɗauka laifin duka naku ne. A taron agaji na duniya da aka yi a Istanbul a 2016, manyan ƙasashe masu ba da tallafi da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sun yi alkawarin cewa zuwa 2020 kashi 25 cikin 100 na kuɗin agaji zai riƙa isa hannun ƙungiyoyin cikin gida ba tare da dogon zagaye ba. Wa'adin ya wuce ba a kai ko kusa ba. Har yanzu kuɗin kan bi ta hannun babbar ƙungiya ta waje, ita ta cire na ofis da motoci da albashi, sannan ta ba ƙaramar ƙungiya aikin shiga ƙauye ba tare da ko kuɗin haya ba. A ganina wannan rashin adalci ne, kuma horon da ba ya tare da amanar riƙe kuɗi bai cika horo ba, don ba a koyon sarrafa tallafi sai da tallafi a hannu. Gidauniyar Ford ta gane haka, shi ya sa ta ware dala biliyan 1 ga shirinta na BUILD, mai ba ƙungiyoyi tallafin shekara 5 wanda wani ɓangarensa na gyara cikin gidansu ne. Idan aka sake kiran ku taron bita, ku je, amma ku tambaye su cikin ladabi: wace takarda ce takamaimai muka rasa, kuma in mun kawo ta, akwai ƙaramin tallafin gwaji? Ku kuma roƙi su turo akawunsu ya zauna da ma'ajinku yini guda a kan littafinku na gaske.

Game da inda za ku ƙwanƙwasa, Yobe na cikin jihohi uku, tare da Borno da Adamawa, da Asusun Agajin Jinƙai na Nijeriya ke aiki a cikinsu tun kafa shi a 2017 ƙarƙashin OCHA, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai daidaita ayyukan jinƙai, sai dai tantancewarsa tana da tsauri, kuma ƙungiya irin taku za ta fi shiga ne ta hanyar haɗin gwiwa da wadda ta riga ta tsallake. Gidauniyar TY Danjuma kan ba ƙungiyoyin cikin gida tallafi a fannin lafiya da ilimi. Ofisoshin jakadancin Japan da Kanada ma suna da ƙananan tallafi na ayyukan al'umma. Duk waɗannan suna bayyana sharuɗɗansu a shafukansu na intanet, kuma ba sa karɓar kuɗin fom.

Duk da haka, shawarata ita ce kada ku jingina rayuwar yara 50 ga kuɗin waje. A Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje, zuwa Yuli kuma aka rufe USAID, hukumarta mai raba wannan tallafi, ayyuka da yawa a arewa maso gabas suka tsaya cak, ma'aikata suka koma gida. Karo-karonku na Juma'a bai tsaya ba, domin ba a Washinton ake yanke hukuncinsa ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Potiskum gari ne mai babbar kasuwar shanu, da attajirai masu fitar da zakka duk shekara, kuma marayu matalauta da iyayensu suna cikin fakirai da miskinai da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata. Ku ɗauki littafinku ku je wurin limamin unguwa da mai unguwa, su raka ku wurin mutum biyar ko shida, ku nemi abu ƙayyadadde: wannan ya ɗauki nauyin karatun yara uku na shekara, wancan ya ba da buhun gero duk wata uku. Wanda Allah ya hore wa, ku tuna masa da wakafi, ko da shago ɗaya ne da hayarsa za ta riƙa shiga asusun marayu bayan ransa. A ƙarshen shekara ku mayar wa kowa da takarda shafi ɗaya mai bayanin abin da aka yi da dukiyarsa, domin wanda aka yi wa bayani shi ne ke sake bayarwa.

Ku kuma yi haƙuri, aiki ne ke fara tsayuwa kafin a san shi: a Maiduguri, Barista Zannah Mustapha ya buɗe makarantarsa ta marayu a 2007 da yara 36, kuma sai a 2017 duniya ta karrama shi da lambar yabo ta Nansen, wadda hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke bayarwa, bayan shekara 10 aikin yana tsaye ana ganinsa.

Abu ɗaya ya rage, saboda za ku ci karo da shi da zarar kun fara nema. Za a ce ku turo hotunan yaran. Kada ku ɗauki yaro cikin yagaggiyar riga ko yana kuka domin a ji tausayi, kada ku sa cikakken sunansa, kuma kada ku ɗauki kowa sai da izinin uwarsa ko mariƙinsa, bayan kun faɗa mata inda hoton zai je. Ku ɗauki littattafan da kuka saya, da kaskon ƙosan da jarinku ya ɗora a wuta, da mambobinku zaune a tabarma ranar Juma'a ana ƙirga kuɗi.