Farin kaya, magewayi da ɗan gari: amsar tambayoyinku na wanga mako

Wani Alhaji daga unguwar Bagalam a nan Maraɗi, Jamhuriyar Nijar, mai safarar kaya zuwa Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya, ya rubuto ya ce: "Malam kullum a rediyo sai in ji an ce jami'an tsaro na farin kaya sun kama wane, to ni da na gan su a talabijin baƙaƙen kaya ne jikinsu har da rufe fuska, ina farin ya ke?"

Alhaji idonka bai yi maka ƙarya ba. Farin nan ba na launi ba ne, shi ne dai farin da ke cikin "farar hula", wato mutumin da ba soja ba ba ɗan sanda ba, ko da kuwa hular da ke kansa jar dara ce. To farin kaya ma haka, kayan gida ke nan, waɗanda ba kaki ba. Ma'aikacin da ke sa riga da wando irin na kowa ya zauna kusa da kai a tasha ko wurin mai shayi ba ka san ko wane ne ba, shi ake nufi. Masu baƙaƙen kayan da ka gani ɓangaren kame ne da gadin manya, su ake ɗauka hoto shi ya sa aka fi saninsu, amma mafi yawan aikin na masu zama ofis ne da masu yawo cikin jama'a.

Hukumar da ƴan jaridar Najeriya suka laƙaba wa sunan ita ce SSS, hukumar tsaron cikin gida ta Najeriya, wadda yanzu ta fi son a kira ta DSS duk da a takardar doka SSS ɗin ce. Tushenta wani sashe ne na ƴan sanda tun 1948 zamanin Turawa. Da aka kashe Janar Murtala a Legas ranar 13 ga Fabrairun 1976, sai Obasanjo ya ga ai ga juyin mulki ya taso babu wanda ya ji ƙamshinsa, ya kafa hukumar tsaron ƙasa ta NSO a shekarar nan, ya ɗora Abdullahi Mohammed a kai. Bayansa Umaru Shinkafi ya riƙe ta zamanin Shagari, sai Lawal Rafindadi lokacin Buhari na soja, kuma a lokacin ne sunanta ya ɓaci sosai saboda tsare mutane ba shari'a. Babangida ya zo a 1985, a 1986 ya fito da doka mai lamba 19 ya tsaga ta gida uku: SSS ta riƙe cikin gida, NIA ta riƙe ƙasashen waje, DIA kuma ta soja. Isma'ila Gwarzo ne shugaban SSS na farko. Shugaban ƙasa ke naɗa babban daraktanta, hedikwata na Abuja, kowace jiha da nata darakta, haka abin ya sauko har ƙananan hukumomi, don haka Alhaji ranar da ka sauke kaya a Katsina ka sani akwai ofishinsu a garin. Ban da leƙe-leƙe su ne ke gadin shugaban ƙasa da gwamnoni, su ne kuma ke tantance wanda za a ba babban muƙami.

Wata malamar makaranta daga Ali Ɗan Tsoho ta ce ita ta rikice, ɗan leƙen asiri da ɗan sandan ciki da magewayi duk abu guda ne? Kuma mi ya sa wurin yin fasfo a Yamai ake ce masa DST alhali ta ji an ce DST ƴan leƙen asirin Faransa ne?

Malama ba guda ba ne, mu ne dai bakinmu ke tara su a kwando ɗaya. Magewayi tsohuwar kalma ce, daga gewaya, jam'inta magewaya, shi ne wanda ake turawa ya gewaya ƙasar abokan gaba ya ƙirga dawaki ya ga inda ganuwa ta yi rauni ya komo da labari, kuma garin nan namu da Katsinawa suka kafa bayan jihadi, suka shekara da shekaru suna fafatawa da Sakkwato, ba baƙon irin wanga aiki ba ne. Aikin magewayi waje ya ke kallo. A yau shi ne aikin NIA a Najeriya, DGSE a Faransa, nan gida kuma DGDSE. Ɗan sandan ciki kuwa ɗan sanda ne sak, kaki kawai ya tuɓe, ɓarawo da mai kisa ya ke bi, ƙarshen aikinsa gaban alƙali. Sai na ukun wanda Hausa ba ta yi masa suna guda ba har yau, mai farautar magewayan wasu da suka shigo mana gida, da masu ƙulla wa hukuma makirci daga ciki. Ƴan rediyo kan ce "daƙile leƙen asiri", ba laifi, amma ni "farautar magewaya" ta fi yi mani daɗin baki, ko da ya ke na san ba mai bi na.

Batun DST kuma gado ne. Faransa ta kafa tata a 1944 ƙarshen yaƙin duniya na biyu, Roger Wybot ya shugabance ta, aikinta sa ido kan ƴan leƙen asirin waje da ke cikin ƙasa. A 2008 aka haɗa ta da RG, masu tattara rahoton siyasa da na jama'a, ta koma DCRI, a 2014 kuma ta zama DGSI. Su can sun canza suna sau biyu mu muna riƙe da na farko. Tamu tana ƙarƙashin ƴan sanda, kuma tunda ma'anar sunan sa ido kan ƙasa ce, wa ya shigo wa ya fita, shi ya sa fasfo da biza da takardar zaman baƙi suka faɗo hannunta.

Ɗalibi daga jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ya tambayi ma'anar "da ɗan gari a kan ci gari", ya ce shi a ganinsa yabon ɗan gari ne.

Ɗana ana iya amfani da ita haka, kamar ɗan kasuwa ya je baƙon wuri ya nemi wanda ya san hanya. Amma "ci" ɗin nan cin yaƙi ne. Gari mai ganuwa da ƙofofi ba ya ciwuwa da ƙarfin baƙo kaɗai sai an samu na ciki da ya nuna ƙofar da mai gadinta ke barci, ƴar uwarta ita ce "sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga". Duk dalilin kafa irin waɗannan hukumomi yana cikin karin maganar nan. Dimka da ya jagoranci kashe Murtala ai hafsan sojan Najeriya ne, ba daga wata ƙasa ya zo ba. Nan gida ma manyanmu na tuna zamanin Kunce, wanda ya karɓi mulki a 1974, da hukumar nan BCL mai leƙen asirin cikin gida da ta sa mutum ya waiga hagu da dama kafin ya yi maganar gwamnati ko a zauren gidansa, "baki shi ke yanka wuya" ta zama karatun kowa. To a watan Oktoban 1983 Kunce na Faransa wurin taro aka yi yunƙurin kifar da shi, kuma wa ke ciki? Bonkano, mai ba shi shawara kan tsaro, na hannun damansa wanda sirrin mulkin ke wurinsa. Ana zaton wuta a maƙera ta tashi a masaƙa. Abin bai ci ba, Bonkano ya tsere ƙasar waje. Shi ya sa ni in na ji an ce an ƙara wa irin wagga hukuma ƙarfi ba na saurin tafi, sai na ji wa ke duba aikinta, majalisa ko kotu, don a 2018 an ga jami'an DSS fuska a rufe sun tare ƙofar majalisar dokoki a Abuja, mataimakin shugaban ƙasa Osinbajo da ke riƙon ƙwarya ya sallami shugabansu Lawal Daura a ranar.

Ta ƙarshe gajera ce, wani ya ce asiri da sirri wanne ne daidai. Duka biyun daidai ne kuma daga kalmar Larabci guda suka fito, sai dai Hausa ta raba masu aiki. Sirri abin da ka ɓoye da ganganci ne, kamar takardun sirri ko ganawar sirri. Asiri ya fi faɗi, ya haɗa da mutuncin mutum, shi ya sa muke roƙon Allah ya rufa asiri, kuma ya haɗa da aikin boka. Don haka leƙen asiri ake cewa, ba a cewa leƙen sirri, amma in ka ce an yi wa wane asiri to ka bar maganar DST ka koma wata daban.