Yaya ake lissafin ƙurar da ta kwanta idan ta sake tashi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da lafiyar ma'aikata a wani sito da aka taɓa ajiye tsofaffin batura, kuma gwaji ya nuna akwai dalma a ƙurar daɓen. Wanda muka ɗauka ya auna iskar sito ranar da babu kowa, ya rubuta cewa ƙurar ta kwanta, ba ta da haɗari. Hankalina ya ƙi kwanciya. Yaya zan lissafa abin da ke sake tashi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kana da hujjar damuwa. Lissafin kansa gajere ne: mizanin sake tashi shi ne nauyin ƙurar da ke barin kowane murabba'in mita a cikin awa ɗaya, a raba shi da nauyin da ke kwance a wurin. Kada ka rikita shi da wani ma'auni na daban, wanda ake raba ƙurar cikin iska da ta ƙasa, domin wannan babu lokaci a cikinsa.

A rufaffen ɗaki, idan yawan ƙurar da ke cikin iska ya tsaya, ba ya hawa ba ya sauka, abin da ke tashi daidai yake da abin da ke fita ta hanyar musayar iska da sake kwanciya. Ga misali: ɗaki mai kubik mita 200, daɓe murabba'in mita 80, dalma maikirogiram 5,000 (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) a kowane murabba'in mita, wato 400,000 gaba ɗaya. Idan dalmar da ke cikin iska ta ƙaru da maikirogiram 0.5 a kowane kubik mita, musayar iska da kwanciya kuma, a haɗe, suna kwashe ƙurar iskar ɗakin sau 2 a awa, to 0.5 sau 200 sau 2 ya ba da maikirogiram 200 a awa. Raba 200 da 400,000, ka sami 0.0005 a awa.

Amma wannan lamba ta yanayin da aka yi awon ce kawai, kuma a nan ne rahotonku ya ɓaci. Kusan kullum sai an kawo mini irin wannan takarda, an auna ɗaki yana shiru, an buga hatimi, an ce lafiya lau. Ƙura mai laushi ba ta tashi da kanta. Ƙwayar da ba ta kai maikiromita 10 ba (wato kashi ɗaya cikin ɗari na milimita) tana manne da daɓe da ƙarfin da ya fi nauyinta nesa ba kusa ba, kuma tana kwance cikin siririn shimfiɗin iskar da kusan ba ya motsi. Tun 1941 Bagnold, wanda ya yi nazarin yashin hamadar Libiya, ya nuna cewa ƙwayoyin da iska ta fi saurin ɗagawa su ne masu kimanin maikiromita 80 zuwa 100, waɗanda suka fi su ƙanƙanta kuwa sun fi wuyar tasowa. To me ke tayar da su? Tafin takalmi idan ya sauka yana fesar da iskar da ke ƙarƙashinsa, tayar amalanke tana murza ƙurar, tsintsiya tana watsa ta, manyan ƙwayoyi kuma suna bugun ƙanana su ɓamɓare su. Duk wannan ba ya faruwa ranar hutu. Wanda ya auna sito babu mutum, sito ya auna, bai auna abin da ma'aikaci zai shaƙa ba.

Wasu ma ko awon ba sa yi, sai su kwafo lamba daga jadawali, alhali lambobin da aka wallafa sun bambanta da juna fiye da ninki miliyan, gwargwadon danshi, irin daɓe da irin motsi. Akwai kuma masu jingina da tsarin lissafin da wani mai bincike, Anspaugh, ya fitar a 1975 daga filin gwajin nukiliya na Nevada a Amurka, inda tashin ƙura ke raguwa da wucewar kwanaki. Can ruwan sama da ƙasa ne ke binne ƙwayoyin; daɓen siminti a cikin gini ba ya binne komai.

Saboda haka a sake awon a ranar aiki, da na'ura maƙale kusa da hancin ma'aikaci, a goge daɓe a wurare da dama don sanin nauyin da ke kwance, sannan a yi lissafin daban ga tafiya, daban ga jan kaya. Kafin sakamako ya fito, a hana shara da busasshiyar tsintsiya da kore ƙura da injin hura iska, a yi amfani da jiƙaƙƙen tsumma ko injin zuƙar ƙura mai matatar HEPA, wadda ke riƙe ƙananan ƙwayoyi, kuma a gwada jinin waɗanda suka daɗe suna aiki a wurin.